Sun yi addu'a, sun kuma sayi bayi: mu fa, me ya ɓoye mana?

Malam Istifanus:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Baba Fasto, Baba Ishaya, iyayenmu mata, ina gaisuwa. Akwai wata magana da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu dube ta tare.

George Whitefield mai wa'azi ne da ya girgiza Ingila da Amurka a ƙarni na 18, dubban mutane suka tuba ta bakinsa. Shi ɗin nan yana cikin waɗanda suka matsa wa hukuma ta halatta bauta a yankin Jojiya na Amurka, inda a da aka hana, har aka halatta a 1751. Ya mallaki bayi suna noma domin a ciyar da gidan marayun da ya kafa. John Newton, ɗan Ingilan da daga baya ya zama fasto mai rubuta waƙoƙin sujada, ya tsira daga guguwa a teku a 1748, ya juyo ga Allah, amma bayan wannan ne ya zama kyaftin na jirgin dakon bayi. Rashin lafiya ce ta sauke shi a 1754, ba lamiri ba. Sai a 1788 ya fito fili ya la'anci wannan ciniki. Wata ƙungiyar mishan ta Ikilisiyar Ingila ta gaji gonakin rake da bayin da ke cikinsu a tsibirin Barbados a 1710, ta ci guminsu sama da shekara 100, ba a nemi gafara ba sai a 2006.

Waɗannan ba mutanen banza ba ne. Sun haddace Nassi, sun yi azumi, sun kwana suna addu'a. To idan irinsu za su yi shekaru suna kallon mugunta ba su gane ta ba, mu wa ya ba mu tabbacin cewa idonmu garau yake? A Matiyu 23 Yesu ya tsawata wa masu gyara kaburburan annabawa suna cewa da a zamanin kakanninsu suke, da ba su sa hannu a jinin annabawa ba. Tambayata ita ce: wane abu ne muke yi yau, kowa ya saba da shi, ba a taɓa wa'azi a kansa ba, wanda jikokinmu za su ji su riƙe baki?

Bitrus K.:
Malam, ni ban yarda makanta ba ce. Munafunci ne tsagwaronsa. Kuɗin rake da auduga ne ya rufe musu baki. Sun sani sarai, kada mu wanke su.

Malam Istifanus:
Ɗan'uwa Bitrus, ban wanke su ba. Laifinsu yana nan. Amma da munafunci ne kawai, da maganar ta yi sauƙi, sai mu ce mu ba munafukai ba ne, mu wuce. Abin da ke ba ni tsoro shi ne da yawansu sun gaskata da zuciya ɗaya cewa daidai suke yi, kuma suna da ayoyinsu. Suna karanta Afisawa 6:5. Suna cewa ai Bulus ya mai da bawa Unisimas wurin ubangidansa Filimon. Suna kafa hujja da Farawa 9 cewa an la'anci baƙar fata, alhali Kan'ana Nuhu ya la'anta, kuma babu inda surar ta ambaci launin fata. Kuɗi yana ciki, ba shakka. Amma ba kuɗi ne ke cewa mutum ya yi ƙarya ba, abin da yake yi shi ne ya sa wata aya ta yi masa daɗin karantawa, wata kuma ya riƙa tsallake ta.

A 1845 Baftis na kudancin Amurka suka ɓalle suka kafa tasu ƙungiya saboda an ƙi tura mai bayi aikin mishan. Su ne kuma suka aiko Thomas Bowen ƙasar Yarbawa a 1850. Ashe bisharar da ta iso wasu daga cikinmu ta irin waɗannan hannuwa ta biyo. Sai a 1995 suka nemi gafara.

Baba Ishaya:
Istifanus ɗana, na karanta duka. Kai malami ne, ka fi mu sanin tarihi. Amma ga tsorona. Irin wannan magana in ta shiga kunnen matasa, sai su ce to ashe komai ma ana iya kuskure, ashe abin da aka koya mana a Makarantar Lahadi ma ra'ayin zamani ne. Yau a ce kakanni sun yi kuskure a kan bauta, gobe wani ya ce sun yi kuskure a kan aure, jibi a kan tashin matattu. Ina za a tsaya? Yahuza ya ce mu yi fama saboda bangaskiyar da aka danƙa wa tsarkaka sau ɗaya tak. Tawali'u abu ne mai kyau, amma wanda bai tabbata da komai ba, ba mai tawali'u ba ne, ɓatacce ne.

Saratu:
Baba, da girmamawa, wannan tsoron ne fastocin kudancin Amurka suka yi amfani da shi. Sun ce masu neman a 'yanta bayi suna rusa ikon Nassi.

Baba Ishaya:
'Yata, don wani ya yi amfani da gaskiya ta muguwar hanya, bai mai da ita ƙarya ba. Tambayata tana nan.

Fasto Yohanna:
Baba Ishaya, tambayarka mai nauyi ce, kada kowa ya raina ta. Bari in kawo abin da nake gani.

Manzo Bitrus ya yi tafiya da Yesu, ya ga tashinsa, ya yi wa'azi ranar Fentikos mutum wajen 3,000 suka tuba. Duk da haka a Ayyukan Manzanni 10 sai da Allah ya nuna masa wahayi sau uku kafin ya yarda ya taka gidan Karniliyus. Kuma bai warke nan take ba. A Galatiyawa 2, a Antakiya, yana cin abinci tare da al'ummai, da wasu suka zo daga Urushalima sai ya janye jiki, har Barnaba ya bi sahu. Bulus ya tsawata masa a gaban kowa. Ku lura, Bitrus bai yi kuskure a kan ko wane ne Yesu ba. Bangaskiyarsa daidai take. Abin da ya gada daga gida ne ya hana shi ganin inda bangaskiyar take kai shi, wato kan tabarmar cin abinci.

Saboda haka, Baba, ba Maganar Allah muke tuhuma ba, mai karatun muke tuhuma. Kuma duk waɗanda suka gyara ikilisiya a kan bauta, da Nassi suka gyara ta. Tun a ƙarni na 4 Bishop Giregori na Nissa ya yi wa'azi yana tambaya da wane farashi za a sayi wanda aka yi cikin siffar Allah. Fitowa 21:16 ta yanke hukuncin kisa ga mai satar mutum ya sayar. 1 Timoti 1:10 ta jera masu satar mutane cikin masu mugunta. Ayoyin suna nan tun fil azal, ido ne bai sauka a kansu ba.

A Afirka ta Kudu majalisar ikilisiyar Turawan Holan ta yanke a 1857 cewa saboda raunin wasu, a bar farare da baƙaƙe su yi sujada dabam. An yi shi ne a matsayin rangwame, don a zauna lafiya. Rangwamen ya zama al'ada, al'adar ta zama koyarwa, koyarwar ta zama ginshiƙin mulkin wariyar launin fata. Da Fasto Beyers Naudé ya gane, ya tsaya a 1963, sai da ya rasa muƙaminsa da mutanensa.

Wani abu kuma: a Ayyukan Manzanni 6 manzanni ba su lura ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci ba, sai da aka yi gunaguni. Ba su ce masu ƙorafi suna kawo tsattsaguwa ba. Sun saurara, aka zaɓi mutum bakwai, dukansu masu sunayen Helenawa. Wanda abin yake ci shi ne ke fara gani.

Dauda daga Maraɗi:
Fasto, wannan magana ta ƙarshe ta taɓa ni. A gidanmu mun ga irinta. Kakana yana da mata biyu lokacin da ya ji bishara. Aka ce ba za a yi masa baftisma ba sai ya sallami ta biyun. Ya sallame ta. Ta koma ƙauyen ubanta da goyo a baya. Mutanen ikilisiya suka yi ta murna an sami tuba na gaske, babu wanda ya bi sawu ya tambayi me za ta ci. Zuriyarta har yau ba sa son jin sunan coci, kuma ba na ganin laifinsu. Waɗanda suka kafa dokar tsarkin aure suke karewa, ban musa ba. Amma a idonsu matar matsala ce da za a warware, ba su gan ta a matsayin mutum ba. Taron bishop-bishop na Angilikan a Lambeth ta Ingila ya hana yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma a 1888. Sai a 1988 suka yarda a yi masa bisa sharaɗin ba zai ƙara ba, kuma kada a tilasta masa korar ko ɗaya, saboda halin da matan da 'ya'yansu za su shiga. Shekara 100 cif kafin a hango waɗannan mata.

Bitrus K.:
Allah ya jiƙan wannan baiwa tasa. To ga Bishop Ajayi Crowther ma. An kama shi bawa yana yaro, ya zama bishop a 1864, ya yi aiki a bakin Kwara har tsufa. A 1890 a Onitsha wasu samarin Turawan mishan da ba su kai sa'ar 'ya'yansa ba suka dakatar da fastocinsa a gaban idonsa. Ya rasu a ƙarshen 1891, aka naɗa Bature a gurbinsa. Kuma su a ganinsu tsarkake ikilisiya suke yi.

Mama Rahila:
'Ya'yana, tun ɗazu ina karantawa. Malam ya tambaya mu fa, amma har yanzu Turawa muke ƙirgawa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni bari in faɗi namu, ko da za a ji haushina.

Ranar Lahadi mai zuwa, ana tsakiyar wa'azi, ku leƙa waje. Za ku ga yara mata 'yan shekara goma, sha biyu, suna zagaya majami'a da jariri a baya don kada kukansa ya dami uwarsa. Jaririn yana sanye da sabon kaya da takalmi, mai goyon tana cikin tsohuwar rigar da aka ba ta, silifas ɗinta an ɗaure da waya. Ba ta cikin Makarantar Lahadi, ba ta cikin sujada. Daga ƙauye aka ɗauko ta, aka ce wa iyayenta za a sa ta makaranta. A Jos haka, a Kaduna haka, a Abuja ba a magana. Gidajen dattawa ne, gidajen shugabannin zumunta ne, har da gidajen masu hidima. Ni dai ban taɓa jin an hau bagade an yi wa'azi a kan 'yan aiki ba.

Hannatu:
Mama, ki yi haƙuri, amma wannan ai taimako ne. Riƙo al'adarmu ce tun kaka da kakanni. Yarinyar da ke wurina, a ƙauyensu ko abinci sau biyu ba ta samu. A nan tana ci, tana sutura, tana jin Maganar Allah. Kuma ni ma'aikaciya ce, wa zai riƙe mini yara?

Malam Istifanus:
'Yar'uwa Hannatu, ba ina cewa ke mai bayi ba ce, Allah ya kiyaye. Amma dole in faɗa, hujjar nan da kika kawo, cewa suna samun abinci da sutura da bishara fiye da can inda suka fito, ita ce aka yi ta kawowa a Amurka da Barbados. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu dakata mu sake dubawa.

Bitrus K.:
Haba Malam, ka wuce gona da iri. Babu wanda ya ɗaure yarinya da sarƙa, babu wanda ya saye ta a kasuwa. Iyayenta ne da kansu suka roƙa a tafi da ita. Haɗa wannan da cinikin bayi cin fuska ne ga waɗanda suka mutu a teku.

Ladi:
Ban cika magana a nan ba, amma yau zan yi. Ni aka riƙe irin wannan riƙon.

Matar da ta ɗauko ni ba muguwa ba ce. Wannan nake so ku fara ji. Mai addu'a ce, in an yi rashi ita ce ta farko a gidan makoki, tana kai wa marayu shinkafa lokacin Kirsimeti. Ba ta taɓa ƙona ni ko ta hana ni abinci ba. Amma ni ce mai tashi tun da duhu in ɗora ruwan wanka, in share tsakar gida, in wanke kwanukan daren jiya. In an kira addu'ar safe sai in goge hannu a zane in zo in durƙusa a bakin ƙofa, su suna kan kujera. Mai gida yakan yi wa 'ya'yansa addu'a ɗaya bayan ɗaya da sunansu, Allah ya buɗe musu ƙwaƙwalwa, ya sa su zama likitoci. In ya zo kaina sai ya ce Allah ya ba Ladi zuciyar biyayya. Ni nake guge kayan makarantarsu, in ɗauki jakunkunansu har bakin mota. Tawa makarantar ta yamma ce, in aiki ya bari. Kofina da kwanona dabam suke, na roba, a ƙarƙashin tebur. A kicin nake shimfiɗa tabarma.

Da na girma na koma gaishe ta, sai ta riƙe hannuna tana gaya wa baƙi, wannan 'yata ce, ni na rene ta kamar na haife ta. Na dubi fuskarta, ba ƙarya take yi ba. Har ga Allah haka ta ɗauka. Shi ya sa, Yaya Bitrus, da ka ce mutanen can munafukai ne kawai, ban yarda ba. Na zauna da mai tsoron Allah wadda ba ta gani.

Mama Rahila:
Ladi 'yata, Allah ya share miki hawaye. Na gode da kika buɗe baki.

Saratu:
Don a sani, wannan ba maganar ra'ayi kaɗai ba ce. A Najeriya, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana a sa yaro aikin gida a wajen gidansu ko danginsu. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro firamare da ƙaramar sakandare. Abin baƙin ciki ne hukuma ta riga ikilisiya gani.

Baba Ishaya:
Ladi, na karanta naki har sau biyu. Addu'ar nan ta mai gida ta tsaya mini a rai.

Amma kada mu yar da riƙo gaba ɗaya. Ni kawuna ne ya riƙe ni. Na yi noma, na yi kiwo, na sha wahala, amma tare da 'ya'yansa muka sha ta. Akushi ɗaya muke sa hannu, ɗaki ɗaya muke kwana, rana ɗaya aka kai mu makaranta, in an yi bulala a yi mana tare. Wannan shi ne riƙon da muka gada. Abin da Ladi ta faɗa wani abu ne dabam da ya ari sunan riƙo. Kuma Fasto, a nan na yarda da kai, domin ba sabuwar koyarwa ake bukata ba. Yakubu 5:4 ta ce hakkin ma'aikatan da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji Mai Runduna. Kolosiyawa 4:1 ta ce iyayen gida su yi adalci domin su ma suna da Ubangiji a sama. Inda Nassi ya kama mu, sai mu durƙusa. Inda kuwa zamani ne kawai ke ture mu ba tare da aya ba, ni ina nan a kan bakana.

Fasto Yohanna:
Baba, ni ma a nan nake. Sai dai in ƙara cewa wani lokaci wanda ba mu so mu saurara ne zai nuna mana ayar. Yakubu 5:4 tana cikin Littafin da ke kowane gida a cikinmu, amma sai da Ladi ta yi magana ta fito.

Hannatu:
Na ji duka, kuma jikina ya yi sanyi. Amma tsakani da Allah ku ba ni amsa. In kowa ya mai da yarinyar da ke hannunsa, me zai faru da su? Wasu talla za a ɗora musu, wasu aure za a yi musu da ƙuruciya. Albashina ba zai kai in sa ta makarantar kuɗin da 'ya'yana suke ba. To in kore ta ke nan don kada a ce na yi zalunci?

Bitrus K.:
Tambayar ke nan. Har yanzu ban yarda a kira shi bauta ba. Amma na yarda akwai abin dubawa.

Ladi:
Anti Hannatu, ban ce ki kore ta ba. Da an mai da ni ƙauye a lokacin, da ban iya rubuta wannan ba. Ki zaunar da ita ki tambaye ta me take so ta zama, ki jira har ta amsa, domin da farko za ta ce duk abin da kika ce. Ki sa ta makarantar safe ko ta gwamnati ce, ki duba littafinta yadda kike duba na naki. In akwai kuɗin da ake biya, ki san hannun da yake shiga, domin sau da yawa wanda ya kawo yarinyar ne ke karɓewa. Ki bar ta ta je gida ta ga uwarta. Aikin da naki 'ya'yan suka isa yi, su yi tare da ita.

Malam Istifanus:
Akwai wasu da ban so mu manta ba: yarinyar da ake zaunarwa a kujerar baya don ta yi ciki, namijin kuwa yana cikin mawaƙa, gwauruwar da dangin miji Kirista suke kwashe wa kaya kafin a share makoki, da iyayen da ke hana aure saboda yare alhali coci ɗaya ake zuwa. Amma kowanne yana bukatar ranarsa.

Mama Rahila:
A bar su zuwa wani mako, kada mu tara da yawa mu kasa ɗauka. Ni zan kai maganar 'yan aiki gaban zumuntar mata a taronmu mai zuwa. Baba Fasto, muna roƙo a ba mu ɗakin da ke bayan majami'a. Iyaye mata za mu riƙa karɓa-karɓa wajen riƙon jarirai lokacin sujada, yaran nan su shiga aji tare da sa'o'insu. Ladi, in za ki iya, ki zo ki faɗa wa matan abin da kika faɗa a nan.

Fasto Yohanna:
Ɗakin yana hannun kwamitin dattawa, zan gabatar a zamanmu. Baba Ishaya, ina fata za ka mara mini baya.

Baba Ishaya:
Zan mara. A sa da maganar kuɗin makaranta a ajanda, domin tambayar Hannatu ba a amsa ta duka ba. In baikon taimako zai iya ɗaukar kayan makaranta da littattafan wasunsu, ma'aji ya zo da lissafi.

Ladi:
Zan zo, Mama. Amma ina roƙo a bar yaran su ma su shigo, kuma kada a zaunar da kowace kusa da uwar ɗakinta, in ba haka ba babu wadda za ta yi magana.